Indararo Na Uku

A garinmu ba a taɓa shimfiɗa ƙarfen jirgin ƙasa ba, amma muna da ɗakin da kowa ke kira tashar jirgi. Yana bakin hanyar jar ƙasa wadda ta miƙe zuwa Cadakori, dab da kasuwa. Motocin kasuwa ne ke tsayawa a gabansa, da 'yan kabu-kabu, da masu amalanke. Baƙo in ya ji sunan yakan waiwaya yana neman layin dogo, a yi masa dariya. In mutum ya daɗe zaune yana jiran mota, duk mai wucewa zai ce masa, "Har yanzu jirgin bai iso ba?" Shi kuma ya amsa, "Yana Ƙaura, yana shan ruwa." Na tashi na tarar ana wannan wasa.

Mahaifin mijina ne ya gina ɗakin. Magini ne, ɗan magina, kakanninsu daga ƙasar Katsina suka ƙetaro da sana'arsu. Yana saurayi ya tafi cin rani Ƙauran Namoda, ya yi dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi ta can, abin da ya gani kuma ya zauna masa a rai. Da ya dawo, zamanin gyaɗa na da daraja a ƙasarmu, aka yi ta raɗe-raɗin dogo zai miƙo har Maradi. Mai gari ya ce a yi wa matafiya ɗaki. Shi kuwa ya ce shi zai gina, kuma irin na can zai yi, don in jirgin ya zo ya tarar an shirya masa.

Da ƙasa ya yi shi, tubali kan tubali. Dogon ɗaki ne da ya bi tsawon hanya, ƙofa biyu a gaba. A ƙarshensa ta wajen kasuwa ya yanke ɗan lungu, ya huda masa ƙaramar taga daidai fuskar mutum, ta sayar da tikiti, ko da yake ba a taɓa sayar da tikiti ta nan ba. A gaba ya yi dogon dakali mai tsayi, irin wanda ake hawa jirgi daga kansa. A ciki ginshiƙai biyu ne masu kauri, mutum ba ya iya rungume ɗaya, su ke ɗauke da azara. Azarar giginya ce, a kanta zana, a kan zana ƙasa. Rufin shimfiɗaɗɗe ne, kewaye da rawani, wato 'yar katangar da ke zagaye bakin rufi. Ya raba saman kashi uku da ɗan tudu kamar kunyar gona, kowane kashi da indararonsa, ta nan kaɗai ruwan sama ke fita. Duka ukun ya sa su a bangon baya, wajen gonaki, don kada su zubo wa matafiya. Ƙarƙashin kowanne ya kafa rabin tsohon dutsen niƙa, ruwa ya faɗi a kai kada ya ci gindin bango.

Na san duwatsun nan kafin in san mijina. Ban yi nisa a lakol, makarantar boko, ba aka sa ni tallar dafaffiyar gyaɗa, inuwar bayan tasha kuwa nan ne wurin hutunmu. Ni nakan ajiye farantina kan dutse na farko. Wata 'yar Fulani sa'ata, mai tallar nono, ita ke zama kan na tsakiya. A nan ya fara ganina, yana saman rufi yana yaɓe tare da mahaifinsa. Ya yarfo mini laka cikin faranti, ya ce kuskure ne. Kwana biyu baya ya sake yin kuskuren.

Da tsohon ya rasu, kula da ɗakin ta koma hannun mijina. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya tambaye shi. Kowace bazara kafin ruwa ya sauka zai ɗauki tsani ya hau, ya share, ya cike tsaga, ya shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa yaɓe ya yi tauri. 'Yan tasha su sayo masa goro, mai shayi ya miƙa masa kofi daga ƙasa. Ba wanda ke tunanin rufin nan, don akwai mai tunaninsa.

A shekarar da nake magana, tsofaffin indararon sun ruɓe, ya sa aka gasa masa sababbi na yumɓu. Gidansu suna da yadda suke wannan aiki. Za a zare tsohon, a toshe ramin da laka, a yaɓe rawanin gaba ɗaya ciki da waje har ya bushe ya zama jiki ɗaya, sannan a dawo a huda a dasa sabon. Sun ce in aka yi yaɓe da indararo a jiki, ta gefensa tsaga ke farawa. Wata rana muna cin tuwo ya ce mini ya toshe su, in yaɓen ya bushe zai huda. Bayan nan ya yi ta fita da safe kamar kullum. Na ɗauka ya gama.

Sanƙarau ne, cikin tsananin zafi. Ya dawo da hantsi yana riƙe da ƙeya, kafin rana ta faɗi ba ya gane mutane. Aka ɗauke shi a amalanke zuwa tasha, aka kwantar da shi kan dogon dakalin da mahaifinsa ya gina, muna jiran motar da za ta kai shi likita a Gidan Rumji. Mun daɗe muna jira. Mutane da yawa sun wuce, ba wanda ya tambaya ko jirgi ya iso. Da aka dawo da shi ma a kan dakalin aka sauke shi.

Na shiga takaba. A wajenmu mai takaba ba ta ƙetare zaure, ba ta kitso, ba ta ɗaga murya. Ana ba ta 'yar wuƙa ta riƙe duk inda za ta zauna. Namiji in ya yi kiciɓis da ita yakan sunkuyar da kai ya kauce, ba ya tsayawa magana da ita, ba ya miƙa mata abu hannu da hannu. Girmamawa ce gare ta da mamacin. Ban ji nauyin waɗannan ba. Ba ni da inda nake son zuwa, ba ni da abin da nake son faɗa. Daga ni sai surukata a gidan, da 'ya'yana mata ƙanana.

Takabar ta yi nisa amma ba ta ƙare ba, sai ga wata ranar kasuwa. Tun safe zafi ya danne gari, ganye ba ya motsi, kaji sun buɗe baki. Ko yayyafi ba a yi ba tukuna a shekarar, kowa ya tanadi iri yana duban sama. Bayan azahar gabas ta fara duhu. Surukata ta leƙo daga ƙofar ɗakinta. Gwiwoyi sun daɗe da hana ta tafiya, ko tsakar gida sai da sanda.

"Ke, hadarin ga ba na wasa ba ne. Kwashe itacen can ki kai madafa."

Na zagaya bayan rumbu inda muke jibge itace. Ina janye karare hannuna ya taɓa buhu. Na ɗauka kayan aikinsa ne, na so in bar shi, don har lokacin ba na iya taɓa kayansa. Amma bakin buhun a buɗe yake, na hango jan yumɓu. Na janyo shi fili. Indararo ne guda uku, sababbi, an cusa ciyawa tsakaninsu don kada su fashe.

Na tsuguna a wurin. Abin da ya fara zo mini rufin ne, kewaye da rawani, ba mafita ko ɗaya, kamar kwatarniya. Sannan na tuna yau kasuwa. Duk wanda ruwa ya kama a kasuwa tasha yake gudu, tun ina yarinya haka ake. Masu goyo, tsofaffi, masu buhunan iri. Ɗakin kan cika har a rasa wurin sa ƙafa.

Na ɗauki ɗaya na kai gaban surukata na ajiye. Matar magini ce, uwar magini. Ta dubi indararon, ta dubi gabas.

"Nawa ne a buhun?"

"Duka ukun, Inna."

"Yaron nan bai huda ba ke nan." Ɗanta na fari ne, ba ta kiran sunansa, ko bayan ya rasu.

"Bai huda ba."

"Kira ƙanensa."

Ƙanen mijina ɗan kabu-kabu ne, shi kaɗai ne babban namiji da ya rage mana. Na kira shi a salula. Ya ɗauka, iska na hura cikin wayar.

"Ina Gidan Sori, na kawo fasinja. Mi ya faru? Inna ce?"

"Inna lafiya lau. Indararon tasha ne, yayanka bai dasa ba, ramukan a toshe suke."

"Mi? Ɗaga murya, ba ni jin ki. Indararo? To, gobe in na dawo sai in duba."

Layin ya yanke. Na sake kira, bai shiga ba. Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata. Jego take, daga ita sai jaririnta, mijinta da kowa suna kasuwa. Ko da ma na sami ɗan aike, me zai yi? Bangon a shafe yake sumul. Wanda bai san wurin ba sai ya yi ta sara a banza har ruwa ya gama aikinsa.

Na dawo gabanta na durƙusa. "Inna, sai na tahi."

"Mai takaba ba ta ƙetare zaure, kin sani. Kasuwa kuma? Gaban maza? Mi za a ce da gidan ga?"

"Akwai mutane a ƙarƙashi, Inna."

Iska ta taso, ta ɗauke faifai daga kan turmi ta yi waje da shi. Tsohuwar ta dafa sanda ta miƙe da ƙyar.

"Ni salla zan shiga in yi. In na ta da kabbara, ba ni ganin mai shiga, ba ni ganin mai hita." La'asar ba ta yi ba tukuna, mu duka mun sani. Ta juya, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya ba ta waiwayo ba. "Ki rufe kanki da kyau. Kada ki yi gudu. Na tsakiya za ki fara hudawa, shi ya fi ɗaukar ruwa."

Na tura yaran ɗakinta, na yi lulluɓi, wuƙar takaba na hannuna. Na ƙetare zaure. Ƙafafuna sun manta yashin hanya. Ban yi gudu ba har na wuce masallaci. A nan ɗigon farko ya faɗo mini a bayan hannu, mai nauyi, mai ɗumi, sai na ruga. Kafin in kai kasuwa ruwa ya tsuge. Masu rumfuna na naɗe kaya, jakuna na kuka, kowa na gudu wuri ɗaya da ni. Duk wanda ya gane ni, ko yana gudu, sai ya sunkuyar da kai ya kauce mini.

Ɗakin ya riga ya cika, mutane sun cushe har bakin ƙofofi. Sarkin tasha na tsaye a ƙofar farko yana tura masu kaya ciki. Dattijo ne, abokin mahaifin mijina, a gabansa aka ɗaura mana aure. Na tsaya cikin ruwa a gaban dakali. Daidai inda aka kwantar da mijina na tsaya. Ni ban lura ba a lokacin, su sun lura.

Na daɗe ina magana ƙasa-ƙasa, da na buɗe baki muryar ta ƙi fita yadda nake so.

"Baba, a hitar da mutane. Rufin ba shi da indararo."

Bai dube ni ba, ƙasa ya duba. "Subhanallahi. Ɗiyata, mi ya hito da ke? Haƙuri za ki yi. Duk can za mu."

"Baba, ramukan a toshe suke. Bai huda ba."

"Na sani, na sani. Allah ya jiƙan shi. Ai ya gama aikinsa tsaf, da idona na ga yaɓen." Ya juya ciki. "Ba wata mace da za ta raka baiwar Allah ga gida?"

Na ji ana raɗa. "Matar marigayi ce." "Wayyo, abin ya taɓa ta." "Ai nan aka kwantar da shi." Wani direba baƙo ya leƙo ta kan kafaɗun mutane ya ce, "Hajiya, shigo mana, ko jirgin kike jira a waje?" Aka daka masa tsawa, "Kai, takaba take!" Nan take shi ma ya kau da kai, kunya ta kama shi. Tausayina suke ji, dukansu. Ba wanda ya yi mini rashin mutunci, ba kuma wanda ya ji abin da na ce.

Na ɗaga kai ta saman kawunansu. Azara a bushe take tukuna. Na kasa kunne. Duk damina in ana ruwa, ko daga gaba kake kana jin ruwan indararo uku na dukan duwatsu a baya. Ran nan ba wannan ƙarar. Ruwa na sauka a sama, ba ya saukowa.

Na bar su na zagaya baya. Bangon na nan baƙi-baƙi da makuba, a shafe daga wannan kusurwa zuwa waccan, shatin yatsunsa a jiki, kowane shafi ya lanƙwasa kamar bakan gizo. Ban tsaya dubawa ba. A gindin bangon wasu mutum biyu sun raɓe da amalanken shanu, sun ƙi shiga ciki saboda dabbobinsu. Macen ta ɗago daga ƙarƙashin tabarmar da ta rufe ƙorenta. Ƙawata ce ta tallar nono, ita da mijinta.

"Ƙawa? Ke ce? Cikin ruwan ga?" Ita ba ta sunkuyar da kai ba. Ta kama hannuna.

Ban yi mata bayani ba. Na nuna mata ƙasa. "Dubi dutsenki."

Ta dubi dutsen da ta yi ƙuruciya tana zama a kai. Ruwan sama na ɗiga a kansa kamar ko'ina, ba abin da ke zubo masa daga bisa. Ta ɗaga kai ta bi bangon da ido har rawani.

"Ina bakin ruwan?"

"A toshe."

"Mutane na ciki?"

"Cike."

Ta juya ga mijinta ta yi masa magana da Fillanci, da sauri, da faɗa-faɗa. Dogon mutum ne marar surutu. Bai tambayi komi ba. Ya ja shanun ya manna amalanken da bango daidai saman dutse na tsakiya, ya hau, ya fara dukan bangon da gindin sandarsa. Makuba ta yi tauri, sandar na dawowa. Bai san tsayin da ramin yake ba.

Na hau amalanken, na taka buhunansu. Na miƙa hannu har inda rawani ya ɗan kumburo daga bango, na bi da tafin hannu. Ko'ina tauri. Sai wani wuri, faɗin ƙwarya, na ji sanyi daban da laushi, ruwa ya fara jiƙa lakar daga ciki. Na sa wuƙar takaba na fara ƙwaƙule. 'Yar wuƙa ce, ba a yi ta don aiki ba. Ɓawon yaɓen ya ɓantare, jar laka ta bayyana.

"Kauce," in ji mutumin.

Ya soka gindin sandar. Ya sake. Sandar ta nutse har rabi, ya murɗa ta ya zare. Ruwan ya fito gaba ɗaya, ja wur, ya buge ni a ƙirji ya zaunar da ni kan buhuna, wuƙar ta suɓuce daga hannuna. Ya faɗa kan dutsen da ƙarar nan da na sani.

Ƙarar ce ta zagayo da maza. Sarkin tasha ya zo cikin ruwa, rigarsa ta manne masa. Ya dubi ramin, ya dubi sauran bangon da ba komi a jiki.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai ya juya ya buɗe murya, irin wadda yake tsai da mota da ita. "A hito! Kowa ya hito! A bar kaya, a hito!"

Direban nan baƙo ya ce a ɗaga shi ya hau sama ya buɗe daga ciki. Dattijon ya riƙe masa riga. "Kada wanda ya taka rufin ga! Nauyin da ke kai ya ishe shi."

Fitar da mutane bai zo da sauƙi ba. Daga bayan ɗakin ina jin gardama ta cikin bango. Wata na cewa jaririnta na mura, wani na cewa irin gerona fa, in ya jiƙe mi zan shuka. Har sai da wani ya yi ihu cewa ƙasa na zubowa daga azara ta wajen taga. Sannan aka fara turereniya.

Muka ja amalanken zuwa dutse na farko, nawa. Wani ya kawo ƙarfen cire taya. Na laluba na nuna, aka soka, ruwa ya ɓalle. Saura kashi na uku, na saman lungun tikiti.

"Na ukun fa, ɗiyata? Ina yake?" A karon nan fuskata sarkin tasha ya duba.

Na sauka na bi gindin bango ina neman dutse. Ruwa ya rufe idon sawu. Na laluba da ƙafa, na sunkuya na laluba da hannu. Laka ce kawai.

"Babu dutsen, Baba."

Wani daga cikin 'yan tasha ya ce, a hankali, "An ɗauke shi bara. An tare tayar babbar mota da shi, ba a mai da ba."

Na rufe ido na nemi wurin a ƙuruciyata. Masu ƙosai ke zama a kan na uku, kusa da kusurwa, amma ba a kusurwar ba. Na hau na bi da tafin hannu. Yanzu ruwa ya jiƙa bangon duka, ko'ina sanyi ɗaya. Na ce nan. Aka soka, bango ne. Na ce a matsa kaɗan. Bango ne. Ya yi yaɓen da kyau, ba tabo, ba alama. Muna sara, ruwa na ƙaruwa a sama.

A lungun kuwa akwai sauran mutane. Wata tsohuwa ce marar lafiya da aka kwantar a can tun safe, ita da ɗiyarta, suna jiran motar likita. Ba ta iya tashi. Sai da aka jira ƙofa ta sarara, sannan direbobi suka kama bakin tabarmarta suka fito da ita.

Sai muka ji ƙas, kamar an karya busasshen itace a ƙarƙashin bargo. Shanun suka zabura. Ƙawata ta fizgo ni daga kan amalanke, mijinta ya ja dabbobin baya. Rawanin da ke gabanmu ya ɗan sunkuya ciki, a hankali, kamar mai gyangyaɗi. Sannan rufin wannan ƙarshen ya zauna gaba ɗaya. Laka da ruwa suka feso ta tagar tikiti.

Muka ruga gaba. Mutane na tsaye cikin ruwa a kan hanya. Sarkin tasha ya hau dakali.

"Kowa ya duba nasa! Akwai wanda babu?"

Mata suka fara kiran sunayen 'ya'yansu, ana amsawa nan da can. Tsohuwar da ke kan tabarma ta ɗago kai tana kiran ɗiyarta. Ba a amsa ba. Ta sake kira. Wani ya ce ya ga ta koma ɗauko ƙullin magani. Maza suka nufi ƙofa suka tsaya, don ba a san ko sauran rufin zai bi ba. Tsohuwar ta kira karo na uku.

Sai ga ɗiyar ta fito ta ɗaya ƙofar, laka tun daga kai har ƙafa, ƙullin na ƙirjinta. Ginshiƙi ne ya tare mata. Ta zo ta durƙusa gaban uwarta, uwar ta kai mata duka a kafaɗa, sannan ta riƙe ta.

Kashi biyu na rufin sun tsaya. Ramuka biyun na ta zuba har ruwa ya tsagaita.

Da hankali ya dawo, sai maza suka tuna wace ce ni. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai. Sarkin tasha ya zagaya baya, ya tono wuƙata daga laka, ya goge ta da bakin rigarsa. Ya ce, "Ɗiyata." Bai miƙo mini ba. Ya ajiye ta kan dutse na tsakiya ya ja da baya, na ɗauka. Ƙawata ta rufa mini tabarmarta, ta raka ni har ƙofar gida.

Na tarar da surukata zaune kan buzun salla, yaran sun yi barci a gefenta. Ta dubi lakar da ke jikina.

"An huda?"

"Biyu, Inna."

"Na wajen taga?"

"Ya zauna. Ba kowa a ƙarƙashi."

"Ta can tsohon ya fara aza tubali," in ji ta. Ta ja carbi kaɗan. "Je ki canza kaya kada sanyi ya kama ki."

Na juya zan fita, sai na ji ta kira sunan ɗanta, sau ɗaya, a hankali. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ban waiwaya ba.

An yi magana a gari, wasu sun ce na karya takaba. Liman ya ce ba abin da ke kaina. Na ƙarasa kwanakina ban sake ƙetare zaure ba. Ƙanen mijina ya dasa indararo biyu a ramukan da muka huda, surukata na faɗa masa yadda zai yi daga gida. Ƙarshen da ya faɗi, 'yan tasha suka haɗu suka rufe shi da kwano, ruwansa ta gaba yake zuba, kan dakali. Tagar tikiti na nan. Yanzu an sake cewa dogo na tafe daga kudu, masu jiran mota kuma sun koma wasansu.

Indararo na uku ba shi da bangon da za a dasa shi. Na mai da shi cikin buhu da ciyawarsa, yana bayan rumbu. Duk shekara in gabas ta fara duhu na je kwashe itace, nakan taɓa shi.